Na Ƙarshe Ya Sake Zagaye

Zuwa ga Kawu,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan takardar nan za ta same ka cikin sauƙi. Inna ta ce gwiwar hagu ta matsa maka, kuma har yanzu ba ka ɗaukar waya saboda kunne, shi ya sa na rubuto. Mu nan lafiya lau. Maigidana da yara suna gaisuwa.

Kawu, wata bukata ce ta kawo ni. Makarantar firamaren da nake koyarwa tana riƙe yara bayan an tashi, daga ƙarfe biyu zuwa huɗu, har iyayensu su taso daga aiki. Bana ni aka ɗora a kan shirin. Yara saba'in da uku ne. Watan jiya wata mai duba makarantu ta zo, ta zauna a bayan aji da agogo a hannu. Da za ta tafi ta ce a cikin awa biyun nan minti tara kacal yaran suka yi a tsaye, shi ma a layin famfo. Sauran lokacin aikin gida ne da kallon talabijin. Ta ce za ta dawo ƙarshen zango, in ba ta ga kowane yaro yana motsa jiki na rabin awa ba, za a rufe shirin. Ta nanata min cewa kowane yaro take nufi, ba goma sha biyun da ke buga ƙwallo ba.

Ba mu da fili sai tsakar makaranta, siminti ne, tsakanin ofis da shingen waya. Ƙwallo biyu gare mu, ɗaya ta sace. Mu uku ne malamai, babu wanda ya karanci fannin.

Sai na tuna da baƙin littafin nan naka mai bangon kwali, wanda kake rubuta wasanni a ciki. Abin da muke bukata yana wurinka, Kawu. In ka yarda ka ba mu aro, a ba direban da ya kawo maka wannan.

'Yar ƙanwarka.

*

Kunkuru,

Takardarki ta iso. Sau biyu na karanta, na biyun don in tabbata ba wani ne ya haɗa min ba'a ba.

Tunda kin tambayi lafiya: gwiwa tana nan, kunne yana nan. Likita ya ce in riƙa zagaya tsakar gida sau goma kowace safiya. Yaro ne wanda ban tabbata ya san sunan tsokar da ke bayan cinyarsa ba. Na gaya masa sunanta da yaren da aka koya mana a kwaleji, ya yi murmushi ya rubuta min ƙwaya. Ki gaishe da mijinki, in har yanzu yana iya tashi daga kujera ya amsa.

To, ke aka ɗora a kan motsa jikin yara. Ke. Na ajiye takardar na yi dariya har tela maƙwabcina ya leƙo ya ga ko lafiya. Na ce masa lafiya, duniya ce kawai ta gama juyewa. Shekara uku kina gidana kina ajina, ban taɓa ganin bayan wani yaro ya ɓace miki ba, kullum shi kike kallo.

Amma ban yi mamaki ba. Ni na yi shekara uku a kwaleji ina karatun wannan fanni, na fito na ɗaya a cikin mu arba'in. Na yi shekara talatin da huɗu a fili. Me aka yi min? Aka soke darasina aka ƙara wa lissafi. Aka zuba tsakuwa a filina don malamai su ajiye motoci. Shekara biyar ɗina na ƙarshe a ɗakin ajiya na yi su, ina raba tsintsiya da alli, da difloma a aljihu. Yanzu yara sun zama buhuna, sai a turo mace da agogo ta gano abin da na yi ta faɗa har muryata ta dushe. Minti tara! Ni da na yi zaton biyar ne.

Ga littafin na ba direba. Ki wanke hannu kafin ki buɗe. Shafi arba'in na farko ki tsallake su, shirmen ƙuruciya ne. Na rubuta su shekarata ta farko a aiki, lokacin da nake zaton yaro mutum ne da ake lallashi. Aiki yana farawa daga shafi na arba'in da ɗaya, kuma doka ɗaya ce ta riƙe shi duka: na ƙarshe ya sake zagaye. A jera su, a busa usur, su zagaya fili. Wanda ya zo ƙarshe ya koma shi kaɗai, sauran su zauna suna tafa masa a hankali suna kiran sunan da aka sa masa. Dole a sa masa suna. Ki duba hikimar: wanda ya fi kowa bukatar gudu shi ne zai fi kowa yin sa. Babu kuɗi, babu kaya, ko ƙwallon nan taku da ta sace ba a bukata. Ke kanki shaida ce. Babu yaron da ya kai ki yawan gudu a makarantarmu, kuma ba ki taɓa gode min ba.

Maganar da kika kasa fitowa fili ki faɗa kuwa, na gane ta. Kin ce abin da kuke bukata yana wurina. Gaskiya ne, littafi ba ya busa usur. Zan zo. Ki ba ni sanarwar mako biyu, ki gaya wa hedimastanku ba na kwana a ɗakin da babu taga. Na ba da rigar wasannina a wanke.

Kawunki.

*

Kunkuru,

Ina fata kuna lafiya, tunda ba ni da hanyar sani. Yau mako biyar ke nan. Direba ya rantse min a hannunki ya sa littafin, har ya ce kin ba shi ruwan sanyi. Ashe hannun yana aiki.

Na san halinki na jinkiri, ban yi tsammanin ya bi ki har cikin biro ba. Uwarki ma haka take, sai dai ita ba ta taɓa neman abu a wurina ta yi shiru ba. Takan bari sai ta samu ta ƙara nema.

Ni a nan ban zauna ba. Zagaye goman likita na mai da shi ashirin da biyar, don kada in zo in tsaya gaban yara ina haki. Gwiwar takan kumbura da yamma, ina ɗaure ta. Usur ɗina ya yi tsatsa, na jiƙa shi a mai na goge, yanzu in na busa karnukan layinmu duka sai sun amsa. Agogon awon guduna ma an sa masa sabon batir. Tela ya rage min ƙugun wandon, ya tambaye ni ina za ni, na ce an kira ni aiki. Kullum da safe yanzu sai ya ce, “Malam, yaushe ne tafiyar?” Jiya matarsa ma ta tambaya. Ki duba matsayin da kika sa ni.

In kunya ce ta hana ki rubutu saboda dokar ta gagare ki, ba abin mamaki ba ne. Tana bukatar mutumin da yara ke tsoro. Kada ki sassauta ranar farko. In na ƙarshen ya yi kuka, a jira ya gama, sannan ya zagaya. In ya faɗi, ya tashi daga inda ya faɗi. Iyaye za su zo da ƙorafi, ki ba su kujera a rana.

Ki rubuto ranar.

Kawunki.

*

Zuwa ga Kawu,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa a kan shirun. Aiki ne ya yi yawa, ƙaramin ɗana kuma ya yi zazzaɓi, amma ya warware. Allah ya ƙara maka sauƙin gwiwa.

Littafin ya iso, mun gode ƙwarai. Muna aiki da shi kullum. Mun kwashe kujeru daga aji ɗaya, mun ja layuka da alli a tsakar makaranta, wani mai faci ya ba mu tsofaffin tayoyi takwas. Talabijin ɗin mun mayar ofis. Yanzu da an tashi, kafin a taɓa aikin gida, sai an fita.

Wasan da yaran suka fi so shi ne na shafi na goma sha bakwai, wanda ka sa wa suna Ɗauko Na Baya. Ana raba su rukuni huɗu su ruga zuwa shinge, amma rukuni bai iso ba sai kowa nasa ya iso, don haka duk wanda ya taɓa shinge sai ya juya da gudu ya kamo hannun na baya. Masu saurin suna yin tafiyar sau biyu, har sau uku. Akwai wata yarinya mai jiki da a da take ɓuya a bayan gida in an ce a fita. Yanzu ita ke tuna min lokaci ya yi.

Ranar Alhamis ta ƙarshen zango mai duba makarantu za ta dawo, mun gayyaci iyaye su kalla. Za ka ji yadda aka yi. Don Allah kada ka wahalar da gwiwarka, Kawu.

'Yar ƙanwarka.

*

Kunkuru,

Madalla da yaron ya warke. Da yana gudu da bai kwanta ba.

Na ce ki tsallake shafi arba'in, kin je kin tare a na goma sha bakwai. Ban yi mamaki ba, wasa ne da aka yi don irinki. Mai sauri ya yi wa malalaci dako, malalaci ya iso ana riƙe da hannunsa yana washe baki, ya koma gida yana zaton ya yi wani abu. Wata shida na yi ina wannan shirmen kafin wani tsohon sufeton makarantu ya kira ni gefe ya ce, “Kai malami ne ko mai reno?” A gaban yara ya faɗa. Washegari na buɗe shafi na arba'in da ɗaya.

Ba komai, zan gyara in na zo. Kwana biyu sun ishe ni. Na gode da damuwarki a kan gwiwata, an koya miki ladabi ko ba a koya miki gudu ba, amma gwiwar da ta yi shekara talatin da huɗu a fili ba kujerar mota ce za ta kayar da ita ba. Zan taso Litinin, in iso Talata da yamma. Na riga na karɓi tikiti.

In za a buga takardar shirin ranar, a sa cikakken sunana da diflomata a ƙasa. In za a ba ni magana, minti goma ya isa. Wannan yarinya mai jiki kuma ki nuna min ita da na iso. Na riga na samo mata suna.

Kawunki.

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Na roƙi direba ya kawo maka wannan kafin Litinin ko da zai bar wani saƙo.

Kada ka zo. Ban gayyace ka ba. Littafi na roƙa, kuma na sake duba abin da na rubuta, littafi na ce. Na yi ta kewaye-kewaye don kai yayan uwata ne, na ci abincin gidanka shekara uku. Amma ka ce ka samo wa yarinyar nan suna, shi ya sa zan daina kewayen.

A cikin ambulan ɗin nan akwai shafi na arba'in da ɗaya zuwa ƙarshe. Da reza na yanke su, a hankali, ban ɓata ko ɗaya ba. Naka ne. Ban san kana rubuta mu ba sai da na buɗe. Kowane yaro da layinsa: sunan da ka sa masa, da ranar, da zagayen. Buhu. Agwagwa. Gurgun Jaki, wanda ashe ƙafarsa ɗaya ce ta fi ɗaya gajarta, kai da ka san sunan kowace tsoka. Kunkuru ta ci shafi shida ita kaɗai. Na ƙirga, zagaye ɗari biyu da goma sha huɗu. A wani wuri ka rubuta, “Ta yi amai. Ta ƙarasa.” Na tuna ranar. Na tuna bayan an tashi ni na ɗauko ragar ƙwallaye na biyo ka gida, kana gaba kana fito.

Ka ce babu wanda ya kai ni gudu a makarantar. Haka ne. Ga sauran labarin da ba ya cikin littafinka. Tun ranar da na bar gidanka ina da shekara goma sha biyu, ban sake gudu ba. Shekarata talatin da takwas. Mota ta sha tashi ta bar ni ina kallonta, taku goma tsakaninmu. In aka yi tafi a taro, ko na murna ne, sai in nemi hanyar fita. Na tambayi biyu daga cikin waɗanda ke shafukan nan, har yanzu muna gaisawa. Su ma haka.

Shafi arba'in na farko kuwa, ban taɓa karanta abu mai kyau irinsu a kan yara ba. A gefen na goma sha bakwai an rubuta da jan biro, “Kada a bar yaro shi kaɗai a fili ana kallonsa.” Rubutunka ne, na san yadda kake lanƙwasa harafin K. Na daɗe ina kallon layin.

Yaran sun tambaye ni wa ya ƙirƙiro Ɗauko Na Baya. Na ce wani matashin malami ne mai kirki. Suka ce yana ina, a kawo shi. Na ce ya rasu tun kafin a haife ni. Har addu'a suka yi masa. Haka za a rubuta a takardar ranar, babu suna.

In na gama kwafe shafukan zan aiko maka da su. Tikitin, in ka mayar da wuri suna karɓa.

'Yar ƙanwarka.

*

Kunkuru,

Lafiyata ƙalau, tunda wannan karon ba ki tambaya ba.

Takardarki ta same ni ranar Lahadi, jakata a ɗaure. Litinin da safe tela ya rufe shagonsa ya ɗaukar min ita har tasha, matarsa ta ba ni guzuri. Me zan ce musu? Na shiga mota.

Kada ki tsorata, ba wanda ya gan ni. Na kwana biyu a wani masauki kusa da tasha, ɗakin babu taga. Ranar Alhamis na sa rigar wasannin a ciki, na ɗora doguwar riga a kai, na zo na tsaya a bayan shingenku, wajen da mai facin yake. Maigadinku ya leƙo ya ce, “Baba, jika aka zo ɗauka?” Na ce a'a. Ya ce to in matsa daga jikin waya.

Ga abin da na gani. Layukanki a karkace suke. Tayoyin sun yi kusa da juna, wata rana wani zai fasa haɓa. Malamin nan dogo yana ba da umarni hannu a aljihu. Babu usur, kuna ta ihu kamar masu tallan kaya. Matar nan mai agogo ta zauna a inuwa tana danna waya, rabin abin bai shiga idonta ba. Ni na auna da nawa. Minti arba'in da ɗaya, kuma ban ga yaro ɗaya a zaune ba. Na nema. In ta rubuta ƙasa da haka, ƙarya ta yi. Na ga kuma ta miƙa wa hedimasta hannu tana dariya, don haka na san ba za a rufe ku ba.

Yarinyar mai jiki na gane ta ba tare da an nuna min ba. Sunan da na samo mata ya dace da ita. Yana nan a wurina.

Sai a zagayen ƙarshe yaran suka ja ki cikin layi. Na ga kin girgiza kai, na ga sun nace. Kika cire takalmi. Shekara ashirin da shida, kuma har yanzu kina jefa ƙafar hagu waje, har yanzu kina kallon ƙasa. Kowa ya taɓa shinge kina tsakiyar fili. Ke ce ta ƙarshe, a gaban iyaye, a gaban hedimasta. Ban san lokacin da usur ya shiga bakina ba. Na ja numfashi.

Sai suka juyo. Ba rukuninki kaɗai ba, dukansu, har mai jikin, ita ce ma ta kama hannunki na dama. Suka kawo ki shinge a tsakiyarsu, taku biyar daga inda nake. Kina haki kina dariya. Kin dubi wajena, kin ga wani tsoho da abu a baki, kin kau da kai.

Na cire usur ɗin na sa a aljihu. Mai faci ya ce, “Baba, ko za ka zauna?” Na zauna a kan taya.

Shafukan da kika yanko suna nan, na ɗaure su da zare. Ƙirgarki ba daidai ba ce. Na sake bi a mota, ɗari biyu da goma sha shida ne, kin tsallake biyu a na huɗu cikin shafukanki shida. Ko lissafin ma ba ki tsira da shi ba.

Tela ya tambaye ni yadda aiki ya yi. Na ce an yi minti arba'in da ɗaya. Ya ce madalla, Malam, ashe har yanzu da sauranka.

Sauran shafi arba'in ɗin kada ki aiko min. Kayan mamaci ne, ni kuma ba na cikin magadansa.

Kawunki.